Kitson Nozigul

Zuwa ga 'yata Mohira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, Allah Ya tsare ki da sanyin Rasha, Ya sa albarka a wahalar da kike sha. Mu nan Garm lafiya lau. An kwashe dankali, saniya ta haihu, ƙaninki Daler kuwa har yanzu ci yake kamar gara. Hannun mahaifiyarki ne dai ya ƙi, yatsun sun sandare, ko allura ba ta iya riƙewa.

Maganar 'yarki Nozigul ce ta sa na rubuto. Watan jiya ta daina zuwa makaranta, wai ciwon ciki. Ashe tunda kakarta ta kasa, ni nake mata kitso da wannan hannun nawa na ɗaure dami, yara suna ta kiranta mai kan tsintsiya. Na ce to a kawo almakashin tumaki in rage mata kowa ya huta. Ta shige bayan tanderu tana kuka, ta rantse ita da makaranta har abada. Gaskiya hankalina ya tashi, don saboda karatun nan nata kika bar gida.

Sai ga malamarsu, Malama Zebo, ta zo. Ba ta yi faɗa ba, ta sha shayi, ta dubi kan yarinyar, ta ce mini in tsaya a kan dankalina, in riƙa turo ta da wuri da matajinta. Yanzu kullum da safe 'yan matan ajin suna jeruwa kusa da murhun ɗumama aji, kowace tana kitse ta gabanta, malama tana kitse ta ƙarshen layi. Har waɗanda iyayensu mata ke gida ta sa a layin, don kada a gane wadda tata uwar ta yi nisa. Nozigul ba ta sake fashi ba.

Jiya na tsokane ta, na ce ai ta sami wadda ta fi uwarta iyawa. Ta ce eh, hannun malama da taushi, ba ta ja. Sannan ta ce, "Amma Kaka, na fi son na Mama mai zafin nan." Ki duba ko za su ba ki hutu a wurin aiki a bazara.

Mahaifiyarki da Daler da gwaggonki Oisha suna gaishe ki. Ki gaida mijinki Firuz.

Mahaifinki mai yi miki addu'a kullum,
Safarali