Wuƙar da Baba Ya Wasa

Ƙofar Na'isa, Kano.

Zuwa ga ƙanena Mikail,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da sanyin ƙasar nan taku. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa a gama karatu cikin nasara. Mu dai alhamdulillahi, Inna ta samu sauƙin ƙafarta, yara kuma suna ta ɓarna yadda ka san su.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Wuƙar yankan fata da ka aiko masa ta iso, ya zaga rumfunan dukawan Kurmi da ita yana cewa aikin ɗansa ne. To, ka san Baba, shekara hamsin bai taɓa ɗora sabuwar wuƙa a kan fata ba sai ta sha dutse. Ya zauna ya wasa ta gaba da baya, har da bismillarsa.

Washegari ka kira, muna zaune a tsakar gida ana jin muryarka. Kana ta murna kana bayanin injinku mai harba wa ƙarfe wata irin wutar lantarki da ka kira ilektoron kamar ƙiftawar ido, fatar samansa ta narke ta sake daskarewa da tauri. Ka ce taurin bai kai kaurin gashi ba, don haka kada a kusanta ta da dutse, kuma ita ce mafi kyau cikin aikinka na shekara huɗu. Kai da surutu, ba ka ma lura Baba ya tashi ya koma zaure ba.

Tun ranar bai koma kasuwa ba. Ya ce wa Inna ya goge wahalar yaron nan da hannunsa. In ka kira sai ya ce a ce yana masallaci, alhali yana zaure. Abinci sai an yi da gaske, ga ciwon zuciyarsa ya motsa, likita ya ce a raba shi da damuwa. Wallahi tausayinsa nake ji, kuma tsoro nake kada wani abu ya faru kuna a haka, shi yana jin kunyarka, kai kana zaton fushi yake.

Don Allah ka kira ranar Juma'a, ni zan miƙa masa wayar da kaina. Kada ka ce masa ba komai, ba zai yarda ba. Ka ce ka manta yadda ake riƙe wuƙa a kan dutse, ka roƙe shi ya koya maka, sannan ka yi shiru ka saurara.

Inna, Kawu Gwadabe da Sa'ida suna gaishe ka.

Taka yayar da ke kewarka,
Luba.