Zaman Makokin Mai Rai

Salaga

Zuwa ga Yayana, Malam Ayyub, a Bawku,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka da duk wanda ke ƙarƙashin rufinka. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, gwiwar nan da ke hana ka zaman tahiya ta yi sauƙi. Kullum muka ji an ce an yi harbi a Bawku sai gabana ya faɗi, Allah ya kawo muku zaman lafiya mai ɗorewa. Mu nan alhamdu lillahi. 'Yata Anisatu ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata sunan Inna. Doya ta yi kyau bana, maigidana Idirisu yana ta kai da kawo tsakanin nan da kasuwar Kpandai, duk da hawan jinin da ke damunsa.

Buhun geron da ka aiko na sadaka ya iso ta hannun Aruna direba, Allah ya saka da alheri. Aruna ya gaya mini ranar da labarin rasuwar ɗana Jalil ya riske ka, ka tara ɗalibanka aka sauke Alƙur'ani, kuma ka yi kuka a gaban jama'a. Na yi mamaki, kai da ko ranar da aka binne Baba sai faɗa kake mana mu yi shiru. Aruna ya ce kuma kana shirin zuwa ka ja addu'ar arba'in da kanka. Saboda haka na ɗauki alƙalami, domin maganar ba ta waya ba ce, gidan nan kunnuwa sun yi yawa. Yaya, ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Jalil bai mutu ba. Na gan shi da idona ranar kasuwar Makango, na riƙe hannunsa.

Ka san tun da ya ƙware a aikin wuyan riga ya koma Yendi, yana zaune ɗaki ɗaya da abokin sana'arsa Nazif. An daɗe ana tsegumi a kansu, ni ban sani ba. Wata Juma'a, bayan an yi huɗuba mai zafi a kan masu neman maza, samarin unguwa suka tafi shagonsu na ɗinki kai tsaye da sanduna. Nazif ya tsira ta baya, har yau ba a san inda ya nufa ba. Jalil kuwa suka fito da shi titi, suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka karya masa yatsun hannun dama, suka ƙona rigunan mutane da ke shagon. Wata tsohuwa mai sayar da koko, Sahada, ita ta faɗa kansa da jikinta, ta ja shi gidanta. Ba ta haɗa komai da mu ba, Allah ya ba ta Aljanna.

Da labarin ya zo Salaga, Idirisu ya shiga ɗaki ya kulle, ya ƙi abinci. Da ya fito sai ya aika masallaci a yi sanarwa cewa ɗansa ya rasu a Yendi, zazzaɓi ya kashe shi, an riga an yi masa sutura a can. Na kama ƙafarsa ina roƙo, ya ce shi jikan fataken goro ne da ba a taɓa jin abin kunya a gidansu ba, gara a yi masa gaisuwar mutuwa da a riƙa nuna shi da baki a kasuwa. Kafin in share hawaye an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Abin da ya fi ci mini rai, Yaya, rabin waɗanda suka zo sun san gaskiya, don motocin Yendi kullum suna shigowa. Suka zauna suka sunkuyar da kai, suka ce Allah ya jiƙansa, ashe lokaci ya yi, yaro mai ladabi. Matan da na ji sun ce da ɗansu ne da sun sa masa guba, su ne suka fi kowa matsar hawaye, suka ci masar sadaka suka ƙulle saura a bakin mayafi. Duk garin ya ga mutuwar ta fi masa sauƙi, sai aka haɗu aka yarda da ita. Ni kuma ina zaune a tsakiya kamar an dasa ni, ana ba ni haƙuri a kan ɗan da ban san ko ya ci abinci ba.

Sahada ce ta aiko mini da saƙo ta bakin wata mai kifi cewa ya bar Yendi, yana Makango a bakin ruwa, wurin masunta, yana taya su juya kifi a kan banda da hannu ɗaya. Na ce wa Idirisu zan je sarin kifi. Na tarar da Jalil ya rame, hayaƙi ya rine masa ido, yatsun sun haɗe a karkace. Ba zai sake riƙe allura ba. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, sannan ya tambaye ni ko gaskiya ne an yi masa sadakar bakwai, kuma wa da wa suka zo. Muna tsaye sai ga wata maƙwabciyata da ta kwana biyu a ɗakina tana taya ni makoki. Ta kalle shi ido cikin ido, ta kau da kai, ta ci gaba da taya kifinta.

Na tambaye shi gaskiyar abin da aka faɗa, ina addu'a a zuci ya ce ƙarya ne. Bai ce ba. Ya ce tun yana makarantar allo ya san shi daban ne, ya yi azumin nafila har ya gaji, ya sha rubutu, ya yi kuka a sujada Allah ya cire masa, bai ga canji ba. Ya ce abin da ya sa ya daina zuwa Bawku da Sallah ke nan, yana jin kunyar haɗa ido da kai, Kawun da ya ɗora masa Fatiha. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na buɗe ƙullin tuwon da na kawo na ce ya ci.

Kada ka ɗauka na zo in halatta abin da Allah ya haramta. A gida ɗaya aka karantar da mu, na san labarin mutanen Annabi Luɗu, kuma zuciyata ba ta daina zafi a kan abin ba. Amma kai ne malami, ka faɗa mini: a wane littafi aka ce a binne mutum yana numfashi? Mashaya giya nawa ke sahun gaba a garin nan, masu cin dukiyar marayu nawa ake ba hannu biyu? Ba wanda aka yi wa zaman makoki da ransa. In ya yi zunubi, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma mai rai ne ke tuba. Ni dai uwa ce, na gaji da cewa amin a kan ƙarya, ina tsoron ranar da za a tambaye ni.

Ga roƙona. Jalil yana so ya shiga jirgin ruwa ya haye zuwa Yeji, ya gangara kudu inda bai san kowa ba, da hannu ɗaya. Na san in ya haye ba zan sake jin ɗuriyarsa ba. Na roƙe shi ya dakata har in ji daga gare ka, ya yi mini alkawari. Ka ba shi wurin kwana a zaurenka, ya share maka tsakar gida, ya ɗebo ruwan alwala. Ka yi masa faɗa iyakar son ranka, ka yi masa wa'azi safe da yamma, zai saurara, amma a inda wani zai lura in bai tashi da safe ba. Na san mutanen Bawku sun yi maka gaisuwa, kuma za a yi magana, ba ƙaramin kaya nake ɗora maka ba. Ba ni da wani sai kai.

Maganar arba'in kuwa, kada ka taso. Na gaya wa Idirisu hannuna ba zai jiƙa geron nan ba, ba zan soya masar sadaka ko ɗaya ba. Ya ce in na kunyata shi ranar, in haɗa kayana. Na ce to. Tausayinsa nake ji, domin na sha tarar da shi a bayan rumbun doya yana share ido da hularsa, amma ba zan janye ba. Don haka wataƙila baƙi biyu za ka yi. Ka ba Aruna amsa da baki, kalma ɗaya ta ishe ni, shi bai san komai ba kuma ba sai ya sani ba.

Ka gaishe mini da matarka Na'imatu, ka ce na gode da daddawar. Ka gaishe da Nasrullah da amaryarsa, da Najat, da Kawu Sayibu in har yanzu yana gane mutane. Anisatu da mijinta suna gaishe ka. Jalil ma yana gaishe ka. Ya ce kada in rubuta, wai bai cancanta ba, amma na rubuta, domin yana da rai, kuma shi ya fara tambayar gwiwarka.

Ƙanwarka mai jiran amsarka,
Damata