Ɗinkin Hagun Auta

Babbar 'yata,

Ki nutsu ki karanta wannan, kada ki ɗauka wasa nake yi. Ina gaishe ku duka. Yaya ƙafar babanku? Ni lafiya lau nake. Tururin ɗakin wankin asibitin nan da nake aiki yana ɗan sa ni tari, amma kada ku damu.

Labari ya iso mini. Tun da injin markaɗe ya cinye wa Auta yatsu biyu ta koma ɗinkin zanen gado da hagu, ke kuma kina bi a ɓoye kina warwarewa kina sakewa. Yanzu ta gane, ta ajiye allura, ko abinci ba ta fitowa ci. Da na kira ta cewa ta yi, "Umma, Yaya ta fi ni iyawa, me zai sa in wahalar da kaina?"

Wannan ba tausayi ba ne, zalunci ne. Yarinyar da a da ba ta iya zama wuri guda, yau ita ce ke danne ƙyalle da gwiwa tana fitar da furannin da babu wanda ya koya mata. Na ga hotonsu. A karkace suke, amma ban taɓa ganin irinsu ba. Ciwon ya girmar da ita, ke kina neman mayar da ita jaririya.

Ki nemi gafararta yau, Allah Ya yi muku albarka. Ni Ummanku na yanke: daga yanzu a gidana, duk abin da Auta ta ɗinka, ko ya karkace, babu mai sa masa hannu. Mai son taimako ya zura mata zare a allura, shi ma sai ta nema.