Shi ya fara miƙa min kwalbar, shi ya kai ƙarata wurin Kawu

Assalamu alaikum Admin da jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a fara zagina a karanta har ƙarshe. Na san abin da na yi, na kuma san garin da na yi shi.

Ni mai gyaran firij da mukayyif (wato AC) ne a unguwar Sultana ta Madina. A Madina aka haife ni, amma da iƙama, takardar izinin zaman baƙi, nake zaune, iyayenmu daga Cadi suka zo. Shekara uku da suka wuce muka je biki Injamena ni da ɗan kawuna, bari in kira shi Hamza. Da rana tsaka ya ja ni wani wuri, ya buɗe kwalbar giya mai sanyi ya tura min. Na ce, "Ya akhi, wannan fa ba irin ta shagunanmu ba ce marar maye." Ya yi dariya ya ce, "Kurɓa ɗaya, khalas. Wa ya san ka a nan?" Na kurɓa. Wallahi ba mayen ne ya kama ni ba, ɗacin nan ne da ƙamshi kamar na burodi. Ni kuwa tun ina ƙarami duk abin da na gani sai na kwance shi na ga cikinsa. Yaya sha'ir da ruwa suke zama haka?

Da muka dawo na duƙufa bincike a waya. Akwai gonar dabino a unguwar Awali da nake kula da ɗakin sanyinta, mai gonar dattijo ne, ya ba ni makulli saboda yarda. Bayan kwalayen dabinonsa na ɓoye jarkoki, na fara haɗa giyar da kaina. Haɗin farko ya yi tsami na zubar, na biyu ma haka, na uku ya fito da kumfa da launin zuma, na ji daɗi har ina kunyar faɗa. Wa na fara kira? Hamza. Duk Alhamis bayan la'asar yana can, yana sha yana cewa, "Kai injiniya ne, wallahi ta fi ta kamfani."

Azumin bara dattijon ya riƙe hannuna a ƙofar ɗakin ya ce, "Ɗana, ka sa ni a addu'a, irinku Allah yake amsa wa." Ranar na zubar da komai ina kuka, ban sake ba. Daga baya na nemi auren ƙanwar Hamza, Kawu ya amsa da farin ciki. Bayan sati biyu ya kira ni falonsa ya ce, "Da gaske giya kake dafawa a garin Manzon Allah?" Hamza yana gefe da carbi a hannu. Ko kallona bai yi ba ya ce, "Ni ma labari na ji, Baba, na ga bai dace in ɓoye ba." Labari! Mutumin da ya fi ni sanin inda jarkokin suke! Kawu ya ce kada in sake taka gidansa. Mahaifiyata har yau ba ta iya haɗa ido da danginta.

Saura kwana goma ɗaurin auren Hamza da 'yar wani malami. Duk saƙonninsa na murya suna wayata, har wanda yake cewa, "Ka ajiye min jarka guda, ta dabinon nan." Na nemo lambar surukin nasa. Ina so a kira shi falo shi ma, ya zauna a gaban manya bakinsa ya bushe. Ba na jin tausayinsa ko kaɗan. Amma muryata ma tana cikin hirar tamu, sunan gonar yana ciki. In maganar ta kai ga hukuma iƙamata ta tafi, dattijon da bai san komai ba shi ma zai shiga uku.

Na tuba daga giya, amma na kasa tuba daga wannan. Na rubuta saƙon, dannawa kawai ya rage. Jama'a, in danna ko in bar shi ya yi angwanci yana dariya? Me zan yi?