Masauki a Tashar Anbariya

Madina, 4 ga Rajab, 1399

Maigida Ashafa direba,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya ciwon gwiwa? Ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Iƙamata, takardar izinin zama, ce dai ta ƙare, mai gidan haya ya ji tsoron askarawa, ya sallame ni.

Amma na samu masauki, da ka gani sai ka yi dariya. A tsohuwar tashar Anbariya akwai mataccen kan jirgin ƙasa, irin wanda na shekara tara ina zuba maka kwal zuwa Nguru. A ciki nake shimfiɗa tabarma. Jiya na ja igiyar usur, shiru.

Don Allah, in matata Murja ta tambaya, ka ce na koma aikin reluwe.

Naka,
Sharfuddeen