Za a Sa wa Banɗakin Kasuwa Sunan Babanmu

Gwaggo mai shawara, don girman Allah ki agaza mini kafin ƙarshen watan nan, don in ya wuce haka, ko kin amsa sai dai in karanta don nishaɗi. Kada ki sa sunana. Ko da yake sunan nawa ma ya kusa hawa allo a tsakiyar kasuwa, kuma abin da ya kawo ni wurinki ke nan.

Ni malamar firamare ce a wani ƙaramin gari. Mu uku ne a wurin babanmu: Yaya yana birni yana aikin banki, ni ke bi masa, sai autarmu da ke aure a wani gari. Ni kaɗai na rage kusa da Baba, saboda haka duk abin da ya taso a kaina yake sauka. Baba tela ne, shagonsa na bakin kasuwa, amma idanu sun yi rauni, ya daɗe da lulluɓe keken ɗinkinsa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in gaya miki halin Baba. Tun ina ƙarama maganarsa ɗaya ce a duniya: kasuwarmu ba ta da banɗaki. Wasu iyayen siyasa suke yi, wasu ƙwallo, namu banɗaki. Ranar da mijina ya fara zuwa gaishe shi, Baba bai tambaye shi aikinsa ba, bai tambayi danginsa ba, sai ya tambaye shi ko kasuwar garinsu tana da makewayi, kuma ƙofa nawa ne. Mijina ya ce bai taɓa ƙirgawa ba. Baba ya daɗe bai yafe masa wannan sakacin ba.

Duk ciyaman ɗin da aka yi a ƙaramar hukumarmu ya san Baba. Zai goge hularsa, ya tafi sakatariya, ya zauna a bencin da ke gaban sashen ayyuka har a tashi. Masinjoji sun saba da shi, in an kwana biyu bai je ba sai su aiko a ji ko lafiya. Wani ciyaman ya yi masa alkawari. Wani ya kafa kwamiti. Wani har ya aza harsashi, aka zo da rumfa da kujeru da lasifika, aka haƙa rami, sai wa'adinsa ya ƙare. Ramin nan sauro ne ya ci moriyarsa, sai kuma akuyar mai gawayi da ta faɗa ciki. Ciyaman ɗin da ya biyo bayansa ya ce shi ba ya ƙarasa aikin wani, sai ya gina wa kasuwar ƙatuwar ƙofar shiga mai fenti kala uku, alhali kasuwar ba ta da katanga. A haka mutanen gari suka laƙaba wa Baba suna Kansilan Banɗaki, kuma wallahi amsawa yake yi.

Innarmu, Allah ya jiƙanta, tumatir da attarugu take sayarwa a kasuwar. Da safe za ta fita, ba za ta sa ruwa a bakinta ba sai ta dawo gida da yamma, duk zafin da ake yi. Mu muna yara mun ɗauka ita dai ba mai son ruwa ba ce. Ciwon ƙoda ne ya yi ajalinta. Na tuna likita ya tambaye mu ko tana shan ruwa sosai, Baba yana tsaye a bakin gadon yana ji. Ba na son doguwar magana a kan wannan, har yanzu zuciyata ba ta ɗauka. Bayan rasuwarta dai zuwan Baba sakatariya ya ƙaru.

To bana sabon ciyaman, ko don Allah ne ko don ya huta da ganin Baba a benci, oho, ya gina. Gaskiya ɗaya ce, Gwaggo, ginin ya yi kyau. Ɓangaren maza daban, na mata daban, ga tanki a sama, ga famfo, ga tayil har bango. Ya fi ofishin hedimastanmu kyau nesa ba kusa ba. Na yi murna, na ce alhamdulillahi, yanzu Baba zai samu wani zancen. Ashe da sauran rina a kaba.

Kansiloli suka zauna, suka ce a karrama Baba, a sa wa ginin sunansa. Cikakken sunansa, Gwaggo, da manyan baƙaƙe, a allon ƙarfe, sama da ƙofa. Sunan da ke kan takarduna, wanda yara ke haɗawa da Malama su kira ni da shi a makaranta. Kansilan unguwarmu ne ya kawo albishir har gida. Baba ya ba shi kujera mai kyau, ya sa shi ya maimaita maganar tun daga farko, wai kunnensa bai kama ba. Kunnen Baba lafiyarsa ƙalau.

Ke ba ki san bakin mutanen garinmu ba. Akwai wata bola a bayan tasha da ake kira da sunan wani tsohon kansila don kawai shi ya ce a riƙa zuba shara a wurin. Mutumin ya rasu tuntuni, jikokinsa har yau ba su farfaɗo ba. To ina ga wanda aka rubuta aka kafa? Sai ƙarshen watan nan za a buɗe wurin, amma tuni an fara tsokana. Mai nama ya ga mijina ya ce masa a gaishe da suruki mai gidan jama'a. A makon jiya wani ɗan ajina ya ɗaga hannu, fuskarsa kamar ta salihi, ya nemi izini wai zai je gidan babana. Aji ya ɗauke da dariya. Na sa shi ya durƙusa, na ƙarasa darasin, sannan na shiga ɗakin ajiye littattafai na yi kukana na ƙoshi.

Da Yaya ya ji labari sai da wayata ta yi zafi a kunnena. Ya ce iyayen mutane titi ake sa wa sunansu, ko asibiti, ko makaranta, mu kuma ga inda aka ajiye mu. Ya rantse in aka kafa allon nan ba zai sake taka garin ba. Auta ma ta ce dangin mijinta sun samu abin yi mata gori har ta mutu. Sai suka haɗa baki suka yanke hukunci, kuma kamar kullum, ni ce 'yar aike. Matar sakataren ƙaramar hukuma a makarantarmu take koyarwa. Wai in bi ta hannunta in ga sakataren a ɓoye, in roƙe shi a cire sunan, a gaya wa Baba cewa an gano doka ta hana sa wa gini sunan wanda ke raye. Baba ba zai san daga inda abin ya fito ba, kowa ya huta. Mijina kuwa ya ce shi ba ya shiga tsakanin 'ya'ya da ubansu, amma ina ganin kafaɗunsa na rawa duk lokacin da aka ɗauko zancen.

Na amince zan je. Har na sa rana. Sai shekaranjiya Baba ya aiko a kira ni. Ina shiga na tarar ya yaye zanin da ke kan kekensa, ya sa masa mai, ya jawo shi bakin ƙofa inda haske ya fi yawa. Rabonsa da keken nan tun Inna na raye. Ya sayo yadi iri ɗaya mai yawa, wai zai ɗinka mana duka mu sa ranar buɗewa, har da Yaya, ya ce ya san awonsa a ka sai dai ya ƙara masa a ciki. Ya ce in miƙe ya auna ni. Na tsaya na buɗe hannuwa, yana kai tef ɗin dab da idonsa kafin ya ga lamba, yana ta ba ni labarin jawabin da zai yi. Ya kasa sa zare a allura, ni na sa masa. Wallahi Gwaggo ji na yi kamar ɓarauniya a gidanmu.

Yanzu gaba kura baya sayaki. In na je wurin sakatare na ci amanar tsohon nan. In ban je ba, Yaya da Auta za su ce ni na bari aka mai da sunan gidanmu abin dariya, kuma ni ce zan zauna a garin ina sha kullum, ba su ba. Ina son babana, amma ina jin kunya, ba zan yi miki ƙarya ba. In je ko kada in je?

Taki,
'Yar Tela

*

'Yar Tela, Allah ya jiƙan Inna, ya ƙara wa Baba lafiya.

Na yi dariya a farkon wasiƙarki, ban yi a ƙarshenta ba. Amsa a taƙaice: kada ki je.

Amma bari in fara ba ki gaskiyarki. Kunyar da kike ji ba rashin tarbiyya ba ce. Ke ce za ki tsaya gaban aji, ke ce za ki ratsa kasuwa, kuma bakin mutane ba ya hutun ƙarshen mako. Yayanki ma ba ƙin Baba yake yi ba, martabar gidanku yake karewa iya fahimtarsa. Na yarda za a yi tsokana, kuma za a daɗe ana yi.

Sai dai dabarar da suka ba ki ba za ta kwana ba. Ƙaramin gari ne. Kafin ki fita daga ƙofar sakatariya masinjojin nan da ke aiko wa Baba gaisuwa sun san abin da ya kawo ki. Kuma mutumin da ya shafe rabin rayuwarsa a bencin ofishin nan, ke ce za ki koya masa dokar da babu ita? Zai gane. Abin da zai sani a ranar shi ne 'ya'yansa na jin kunyar aiki ɗaya tilo da ya sa ransa a kai, har suka zagaya ta bayansa. Allo kan yi tsatsa a canja shi. Wannan kuwa ba ki da inda za ki kai a gyara.

Ki kuma sake karanta abin da kika rubuto mini game da Inna. Kin ce ba kya son doguwar magana a kai, ni ma ba zan ja ba. Amma ki shiga kasuwa wata rana, ki zauna a layin masu tumatir, ki tambayi matan nan yadda suke ganin ginin da wanda ya tsaya aka yi shi. Mai nama namiji ne, bai taɓa yini da ƙishirwa don rashin wurin zagayawa ba, shi ya sa yake da bakin wasa.

Ga abin yi. Ki kira Yaya ki ce masa ba za ki je ba. In yana da magana, motar garinku ba ta daina lodi ba, ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa ya faɗa da bakinsa. Mai aiken mutum ya yi abu a ɓoye ya san abin ba ya faɗuwa a fili.

Ke kuma in abin ya ci gaba da cin ranki, ki samu Baba ku biyu, cikin ladabi, ki ba shi labarin yaron nan na ajinki. Ba roƙonsa za ki yi ya janye ba, damuwarki za ki gaya masa. Wanda ya yi shekaru yana amsa Kansilan Banɗaki ya fi ki sanin yadda ake zama da bakin garin nan. In ya ga dama ya ce a taƙaita sunan, shi ya so. In ya ce a bar shi yadda yake, sunansa ne tun kafin ya zama naku.

Yaron kuma ki daina sa shi durƙuso. In wani ya sake faɗa, ki ce ya je, ya gaishe da mai gidan, kuma kada ya dawo miki bai wanke hannu ba. Tsokana ba ta daɗewa a wurin da ba ta samun hawaye.

Abin kunyar gaske yana gaba, kuma ba ku hango shi ba. Kin san halin ginin hukuma: a buɗe da tafi, bayan 'yan watanni famfo ya ƙafe, ƙofa ta ɓalle, mutane su riƙa toshe hanci suna ambaton sunan da ke sama. A nan ya kamata ku kashe ƙarfinku. Tun yanzu ki haɗa kai da shugabar matan kasuwa, ku matsa wa kansila a sa mai kula da wurin, a san wanda zai riƙa cika tanki da wanda za a kira in abu ya lalace. Yaya da ke kishin sunan gidanku, ga inda zai nuna kishin.

Ranar buɗewa ki sa rigar nan ko da ɗinkin ya karkace, ki zauna a layin gaba. In Baba ya miƙe zai yi jawabi, idonsa ba zai iya karanta allon ba. 'Ya'yansa zai duba ya ga wa ya zo.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya haɗa kanku, ya sa Baba ya gama ɗinkinsa lafiya.

Gwaggonku