Na Zaci Porto Santo Kamar Staten Island Yake

Anti, don Allah ki taimake ni, wata biyu ke nan abin nan yana cina. Ni uwa ce, a unguwar Tremont ta New York nake zaune, kuma ba na wasa da tarbiyya. 'Yata Sumaya ta auri wani Gariba da suka haɗu a waya, mai aiki a otal a wani ƙaramin tsibiri na Fotugal, Porto Santo. Otal ɗin ana sayar da giya, shi ya sa ban je bikin ba. Yaran yanzu ba sa jin magana.

A watan Agusta ta haihu, mace. Na ce a raina ko me ta yi, ba za a yi suna babu uwarta ba, kuma wa zai yi mata wankan jego a can? Amma ban kira ta ba, kada ta ga kamar na sauko. Na ɗinka wa jaririya kaya a titi na 116, na yanki tikiti zuwa Lisbon, babban birninsu. Lissafina, tsibiri ai kamar Staten Island ɗinmu na nan New York ne: ka shiga jirgin ruwa, rabin awa ka sauka.

Ana gobe suna na isa. Nan aka ce mini nisan tsibirin ya fi kilomita ɗari tara, babu jirgin ruwa daga Lisbon, sai na sama, kusan awa biyu, kuma babu kujera sai bayan kwana uku. Kunya ta kama ni, na juyo New York ban gaya wa kowa ba. Daga baya na ji sunana suka sa wa yarinyar. Sumaya tana ganin ƙin zuwa na yi, ta daina kirana. Kayan suna nan cikin akwati. Uwa ce za ta ba 'yarta haƙuri?

Uwa Mai Nadama, Tremont

Hajiya, kuskuren taswira ba laifi ba ne, kowa zai iya yi. Damuwarki kan aikin surukinki ma tana da tushe, kuma kina da damar faɗa masa cikin mutunci. Sai dai ki duba: kin ƙetare teku awa bakwai saboda 'yarki, awa biyu kuma suka gagare ki. Ba kujera ce ta mayar da ke ba. Da kin kira su kin jira kwana ukun, suna kawai za ki rasa, jego yana nan.

Ita kuwa Sumaya, ba ta san komai ba sai shirunki, duk da haka ta yi miki takwara. Eh, uwa tana ba da haƙuri. Ki kira ta yau, ki gaya mata duka, har da Staten Island, ki bar ta ta yi dariya. Ki tura mata hoton hatimin Lisbon da ke fasfonki. Wannan karon Gariba ya nema miki tikiti har tsibirin, wa'azi kuma ki bar shi a Tremont.

Ki hanzarta, kafin kayan nan su yi wa takwararki kaɗan. Allah Ya raya ta, Ya kai ki lafiya.